Akwati mai kwaɗo uku: shekara guda a ƙungiyar ajiya da rance

Da faɗa ya lafa muka dawo unguwa, abin da na tarar a shagona ƙarfen keken ɗinki ne ya ƙone ya lanƙwashe, sai almakashi guda a cikin toka. Takardun gida sun tafi da gobara, don haka maganar rancen banki ba ta ma taso ba. Masu ba ni yadi bashi kuwa, wasu sun rasu, wasu sun yi ƙaura, ragowar suna tsallaken titi, ɓangaren da muka daina taka ƙafa. Ana cikin haka wata ƙungiyar agaji ta kawo mana tsarin ajiya da rance. Yanzu mun cika zagaye guda har mun raba kuɗi, shi ya sa nake so in faɗi yadda na same shi.

Ba kuɗi suke rabawa ba, kuma da aka faɗi haka ranar farko mata da yawa suka kaɗe zane suka tafi. Abin da suka ba mu akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, da littattafan ajiya, da hatimi, da jami'a mai koya mana. Ita ta gaya mana cewa ƙungiyar CARE ce ta fara wannan tsari a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Mu 24 ne. Kowane mako mace takan sayi kaso ɗaya zuwa biyar gwargwadon ƙarfinta, a buga mata hatimi a littafinta a gaban kowa. Rance bai wuce ninki uku na abin da ta tara, ta biya cikin wata uku. Akwai kuma ɗan asusun taimako daban, na rashin lafiya da rasuwa. Dokokin mu muka rubuta da kanmu, har muka kwashe zama biyu muna gardama kan kuɗin ruwa kafin ƙuri'a ta soke shi. Hankalin kowa ya kwanta, sai dai asusun bai kumbura kamar na wasu ƙungiyoyi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne rabon makullai. Mai ajiye akwati ba ta riƙe makulli, masu makulli uku kuma kowacce gidanta daban. Jami'ar ta dage sai an haɗa da matan tsallake, ni na karɓi makulli ɗaya, wata daga can ta karɓi ɗaya. Makonnin farko muna zaune a tabarma biyu, gaisuwa ma a daƙile. Wata rana mai makullin tsallaken ba ta zo ba. Muka zauna muna kallon akwati, ba halin buɗewa, ga mai jiran rance ta matsu. Da na ga ba mai niyyar tashi, na sa takalmi na tsallaka titin nan, gabana na faɗuwa. Na same ta a tsakar gida ta rungume ɗanta, jikinsa zafi rau. Ta ɗago ta ce, "Yaya, ke ce da kanki? Shigo daga ciki." Ta kwance makullin daga bakin zanenta za ta miƙo mini, na ce mata doka ta hana, ta goya yaron mu tafi tare. Ranar daga asusun taimako aka fitar da kuɗin asibitinsa, ba wadda ta yi gunaguni.

Da rance na biyu na sayi kan keke na hannu. Yau kayan makarantar da nake ɗinkawa kusan rabinsu na yaran tsallake ne, kuma mai makullin nan ce ta fara kawo mini su.

Amma akwai inda tsarin ya gaza, kuma ba zan rufe ba. Kuɗin talakawa ne ake juyawa a tsakanin talakawa, ya isa jarin tebur, bai isa rufin shago ko injin niƙa ba. Gab da komawa makaranta kowa rance take so, akwati ya ƙare, rai ya ɓaci. Matan da suka fi kowa shan wahala, waɗanda aka kashe mazansu aka bar su da marayu, da yawansu ba sa iya kaso ɗaya a mako, suna waje. Samarin da suka ajiye makami suna zaune a bakin kwalbati, ba wanda ya yi musu tanadi. Sannan jami'ar ta daina zuwa bayan wata shida da kuɗin shirin ya ƙare, ranar rabo muka yi lissafi sau uku, saura ƙiris a yi baram-baram. Ajiye tsabar kuɗi a ɗaki, a unguwar da bindiga ba ta gama fita ba, shi ma yana hana mai akwati barci.

Ƙanena da ke jami'a ya ba ni labarin binciken da Salma Mousa ta wallafa a mujallar Science a 2020. An haɗa Kiristocin Iraƙi da ƙungiyar IS ta kora daga gidajensu da Musulmi a ƙungiyoyin ƙwallo. Sun saba da abokan wasansu har suka ci gaba da atisaye tare, amma sabon bai kai ga Musulmin da ba su sani ba. Na ji abin a raina, don haka yake a wurinmu. Na yarda da mai makullin nan ɗari bisa ɗari, amma har yau ba na bin layinsu bayan faɗuwar rana.

Duk da haka, macen da take da ƴar sana'a kuma za ta iya jure zaman mako-mako, ina ba ta shawara ta shiga, sai dai ta tabbatar tun farko cewa mai koyarwa za ta tsaya har ranar rabo. Mu dai mako mai zuwa za mu buɗe zagaye na biyu. Mata 11 sun nemi shiga, bakwai daga tsallake, mun ce su kafa tasu, ni da mai makullin tsallaken za mu koya musu lissafin.