SoundBlaster 16 ko ICH AC97: wanne zai sa Windows 98 magana a cikin VirtualBox?

Wani ɗan'uwanmu mai koyar da yara a nan Maradi ya kawo tambaya. Ya saka Windows 98 SE a cikin VirtualBox, shirin da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, don ya riƙa buɗe tsofaffin faya-fayan CD na koyon Faransanci da lissafi, waɗanda suka ƙi tashi a kan Windows 10. Hoto na fitowa, linzami na aiki, amma shiru kake ji. A wurin zaɓen katin sauti ya ga suna uku, Intel HD Audio da SoundBlaster 16 da ICH AC97, yana so ya san wanda zai ɗauka.

Malam, fara da cire Intel HD Audio daga lissafi. Tsarin 2004 ne, Windows 98 ba ta da direbansa, wato ƙaramin shirin da ke sa Windows ta iya aiki da katin. Na Vista ne da Windows 7 zuwa sama. Saura biyu ke nan.

SoundBlaster 16 kati ne na kamfanin Creative, na 1992, daga zamanin ISA, tsohon ramin da ake cusa kati a cikin kwamfuta. Alherinsa shi ne direbansa yana cikin faifan Windows 98 ɗin da ka riga ka yi amfani da shi, ba sai ka ƙona kuɗin intanet kana nema ba. Wahalarsa kuwa, wanda VirtualBox ke kwaikwaya ba ya sanar da kansa. Windows ba za ta ce ta ga sabon abu ba, shi ya sa mutane da yawa ke zaɓarsa, su kunna, su ji shiru, su ɗauka bai yi ba. Kai ne za ka gabatar da shi.

Ka kashe Windows 98 ɗin kashewa ta gaske, domin in ajiye ta ka yi a halin da take, VirtualBox ba zai bari ka sauya kati ba. Ka shiga Configuration na VirtualBox, ɓangaren sauti, ka tabbata an kunna sautin, ka zaɓi SoundBlaster 16. Bayan ta tashi sai Panneau de configuration, sai Ajout de nouveau matériel. Kana iya barinta ta bincika da kanta, amma zaɓa da hannu ya fi sauri: rukunin sauti da bidiyo da wasanni, kamfani Creative, sai layin Sound Blaster 16 ko AWE-32. Za ta nemi faifanta. In ka kwafe jakar WIN98 daga faifan zuwa C: tun farko, sai ka nuna mata can, ka huta da wannan neman har abada. Bayan sake kunnawa ka duba lambobin da ta ba katin a Gestionnaire de périphériques: adireshi 220, IRQ 5, DMA 1, da DMA 5. A nan katin yake zaune. In Windows ta rubuta wata lamba daban, direban yana ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa a ciki, don haka ka cire zaɓin atomatik ka gyara da hannu.

ICH AC97 akasin haka yake. Kwaikwayon guntun Intel 82801AA ne, yana kan PCI, ramin da kayansa ke sanar da kansu, saboda haka Windows 98 na ganinsa nan take. Sai dai gani kawai take yi: za ta ajiye shi da alamar tambaya ruwan ɗorawa, domin ba ta da direbansa. Abin da aka saba sa masa shi ne tsohon direban AC'97 na Realtek, kuma ya fi kyau a warware fayilolinsa a nuna wa Gestionnaire de périphériques inda suke, maimakon a danna shirin sakawar kai tsaye. Sannan ga matsalar shigar da shi. VirtualBox ba ya da Additions invité (ƙarin shirin da ke haɗa Windows ɗin ciki da kwamfutar gaske) na Windows 98, ke nan babu jakar rabawa, babu ja-ka-saki. Hanya mai sauƙi ita ce ka haɗa fayilolin su zama ISO, wato kwafin CD a fayil ɗaya, a kwamfutarka ta gaske, ka saka shi a matsayin CD. Aiki ne mai yiwuwa, amma ya ninka na farko, kuma dole ka kula da inda ka sauko da direban, don shafukan tsofaffin direbobi cike suke da tarkace.

Hukuncinmu a kan Windows 98 shi ne SoundBlaster 16. Da Windows XP ce, da amsar ta juye gaba ɗaya: XP mai bit 32 tana da direban 82801AA a cikinta, ka zaɓi AC97, ka kunna, ka ji sauti ba tare da ka taɓa komai ba.

Akwai wurin da ya kamata mu tsaya, domin shi ne ke ruɗa har masu gyara. Sautin tsofaffin shirye-shirye iri uku ne, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai muryar da aka naɗa, wato WAV, kamar malamar da ke furta kalma yaro ya maimaita. Wannan katunan biyu duk suna fitar da shi. Akwai kiɗan MIDI, wanda ba sauti ba ne a ajiye, umarni ne da wani guntu ke mayarwa kiɗa. SoundBlaster 16 na gaske yana da guntun OPL3 na Yamaha a adireshi 388 don wannan aikin, amma na VirtualBox ba ya da shi. Saboda haka za ka iya jin murya tangaran, kiɗan baya kuma babu, alhali direba lafiyarsa ƙalau. Gwajin bai fi minti ɗaya ba: buɗe C:\WINDOWS\MEDIA, danna CHIMES.WAV, sannan danna wani fayil mai ƙarewa da MID in akwai. Na farko ya yi ƙara na biyu ya yi shiru, to ka gane inda gizo ke saƙa. A nan ne AC97 ke da ɗan fifiko, domin direban irin na WDM yana zuwa da mai haɗa kiɗan MIDI na Microsoft wanda ba ya buƙatar guntu. Na uku shi ne waƙoƙin da ke kan CD ɗin kansa a matsayin layukan sauti daban. Fayil ɗin ISO ɓangaren bayanai kaɗai yake ɗauka, don haka waɗannan sun ɓace tun lokacin kwafa, ba katin da zai dawo da su.

In faya-fayan naka sun dogara da na biyu ko na uku, kada ka ɓata dare a kan VirtualBox. Wani shiri mai suna 86Box yana kwaikwayon tsohuwar kwamfuta guntu-guntu, har da OPL3, kuma yana karanta kwafin CUE da BIN tare da layukan sautinsu. Farashinsa shi ne yana cin ƙarfin kwamfuta sosai, tsohuwar laftof za ta sha wuya. Shirye-shiryen DOS zalla kuwa, wato tsarin da ya riga Windows, shirin DOSBox ya wadatar da su. Wanda ya nace sai ya gudanar da na DOS a cikin Windows 98, ya sa wannan layin a AUTOEXEC.BAT: SET BLASTER=A220 I5 D1 H5 T6.

Idan sautin ya fito amma yana kakkatsewa, yawanci laifin yana waje. Windows 98 ba ta son ƙwaƙwalwar da ta wuce MB 512, ka ba ta MB 256, ya ishe ta. Ka duba ƙasan tagar VirtualBox, in ka ga koren kunkuru, Hyper-V, tsarin Microsoft mai irin aikin VirtualBox, ne ke kunne a Windows 10, yana jan komai baya, sai ka kashe shi. Sannan wanda mu a nan muka fi haɗuwa da shi: da zarar an ɗauke kuran laftof ta koma kan batir, tana rage gudun injinta don tanadi, sauti kuma shi ne ke fara nuna alama. Ka mayar da tsarin wutar zuwa na cikakken ƙarfi kafin darasi. In kuma shiru ne gaba ɗaya bayan duk wannan, koma Configuration ka duba direban sautin kwamfutar gaske, ka tabbata ba a bar shi a kan Null ba, sannan ka buɗe mahaɗin ƙarar Windows 10 ka ga ko an rufe wa VirtualBox baki a can.