Na nemo dokar ƙwadago a shafin PLAC, ga abin da na tarar

Ƙanena ya shekara uku yana leburanci a wani kamfani, rana ɗaya aka ce masa kada ya dawo gobe. Ba mu da kuɗin ganin lauya, sai wani abokina ya nuna mini shafin PLAC, wata ƙungiya mai zaman kanta a Abuja da ta zuba kundin dokokin tarayya na 2004 a intanet. Ba ka biyan ko sisi, sai dai datarka.

An jera dokokin bisa haruffa, don haka ban sha wuyar gano ta ƙwadago ba. Sashe na 11 ya faɗi magana ƙarara: wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, notis ɗin kwana ɗaya, daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya, shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu, biyar zuwa sama, wata guda. Ke nan ƙanena yana bin mako biyu ko kuɗinsu. Sashe na 7 kuma ya wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa, abin da shi ko a mafarki bai taɓa gani ba. Na ɗauki hoton sassan a waya ya tafi da su, kuma wallahi yanayin maganar manaja ya sauya.

Amma a yi hattara. Sashe na 91 ya cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga waɗanda dokar ke kira ma'aikaci, don haka duk wanda ya tsaya a sashe na 11 kawai zai iya yaudarar kansa. Sannan kundin na 2004 ne. Dokar kamfanoni ta 2020 da dokar zaɓe ta 2022 sun zo bayansa, sai an neme su daban. Rigimar haya kuwa galibi dokar jiha ce, ba ta cikin wannan tarin.

Turancin kuma na lauyoyi ne, jimla ɗaya sai ta ci rabin allon waya. Wanda bai yi boko mai zurfi ba dole ya sami mai karanta masa. Idan magana ta kai kotun ma'aikata, shafin ba zai tsaya maka ba, lauya za ka nema.