ThinkPad T430 mai Nvidia: gigabait ɗaya ne nata, sauran aro ne

Lenovo ta fitar da laftof ɗin T430 a 2012, kuma har yau tana yawo a shagunan kwamfutoci na hannu iri biyu: mai girafiks (sashen sarrafa hoto) na Intel HD 4000 kaɗai, da wadda aka ƙara wa na Nvidia NVS 5400M. Ta biyun ce ake ɗora wa kuɗi, wani lokacin har a ce maka girafiks ɗinta ya kai gigabait 4 ko 5. Ba haka ba ne. Ma'ajiyar da Nvidia ke da ita ta kanta, wadda aka liƙa a jikin allon injin, gigabait 1 ce, ba ta kuma ƙaruwa. Sauran adadin RAM ɗinka ne, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfutar, da Windows ke ba ta aro idan ta matsu, har kusan rabinsa. Aron nan ya fi nata jinkiri, shi ya sa wasa kan fara sarƙewa da zarar gigabait ɗayan ya cika.

Kafin ka biya, danna maɓallin Windows da R, rubuta dxdiag. Layin VRAM shi ne na gaskiya, layin Shared Memory kuwa na aro. A wannan injin Nvidia kan fito a shafin Render, don sikirin yana hannun Intel.

Tsarin sauyawa tsakanin Intel da Nvidia, wato Optimus, yana aiki lafiya in direba (manhajar da ke sarrafa girafiks) ta zauna daidai. Intel ke ɗaukar rubutu, intanet da bidiyo, Nvidia na barci har sai an buɗe manhaja mai nauyi. Matsalar ita ce wani lokaci ba ta gane manhajar, sai ka ga AutoCAD, manhajar zanen gini, yana jan ƙafa a kan Intel. Maganinsa: buɗe Nvidia Control Panel, shiga Manage 3D settings, sai Program Settings, ka zaɓi manhajar ka ɗora ta a kan Nvidia. Idan an sake zuba Windows, a fara sa direbar Intel kafin ta Nvidia.

A BIOS, wato saitin tushe na injin, ma akwai zaɓi uku. Danna F1 lokacin kunnawa, shiga Config, sai Display: Integrated (Intel kaɗai), Discrete (Nvidia kaɗai) ko Optimus. Barin ta a Discrete na cinye batir, fanka kuma ba ta hutawa, balle in ƙura ta toshe mafitar iska. Mai Nvidia cajar wat 90 take so. Da ta wat 65 sai ta rage gudu.

Shin mai Nvidia ta cancanci ƙarin kuɗin? A ganina, ga yawancin mutane a'a. NVS 5400M ta fi HD 4000, amma ratar ba ta taka kara ta karya ba, kuma Nvidia ta daina sabunta direbobin wannan zuriyar tuni. Mai zanen gini mara nauyi zai amfana da ita. Mai aikin ofis kuwa gara ya ɗauki mai Intel kaɗai, ya sa rarar kuɗin a SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) da RAM guda biyu masu girma ɗaya, 4 da 4 ko 8 da 8. Gurbi ɗaya na ƙasan injin, ɗayan a ƙarƙashin kibod. Da yake Intel daga RAM take ci, cike gurbin biyu na ƙara mata gudun da za ka gani da idonka.