Shagon buga takardu da ke riƙe amanar rubutun ƴan makaranta

Shagon ba shi da girma. Ƙofa ɗaya ce ta ƙarfe, a wani layi da ba shi da nisa da Babbar Kasuwar Maradi, tsakanin mai sayar da kaye da bik da wani mai gyaran waya. A ciki akwai kwamfuta biyu, injin fotokopi, injin buga takarda mai launi, da ɗan ƙarfen nan da ake huda gefen takardu a zura musu zoben roba. Mai shagon dattijo ne, ya daɗe yana buga takardu a ofis kafin ya buɗe nasa wurin, yana kuma da yaro ɗaya mai taimaka masa. Sunan shagon da na mai shi zan bar su a bakina, don yaran da ke kai masa sirrinsu ba za su so a yi ta nuna ƙofar da yatsa ba. Wanda ya san ni ya tambaye ni, zan kwatanta masa.

Ni ɗinki nake yi a unguwar Zariya, ina riƙon ɗiyar ƙanena tun tana ƴar shekara bakwai. Yanzu shekarunta 16, tana ajin ƙarshe na kwalej, ajin da ake jarrabawar BEPC. Tana da wani kaye mai shafi 100 da ta cika da waƙoƙi da wani dogon labari, duk a kan so. Ita da kanta ta kawo mini shi, ta ce, "Gwaggo, ina so a buga mini wannan ya zama littafi, in ba ƙawayena kafin hutu ya raba mu." Na karanta shi tun daga bango har bango. Akwai wani yaro a ciki, ba ta kama sunansa ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da na gani shi ne yarinya mai kunya da ke ƙoƙarin gane abin da ke motsi a zuciyarta, ta samu takarda ta zuba shi a kai. Na ɗauki mayafina na raka ta.

Abin da ya fara burge ni, mai shagon, wanda zan kira Malam, yana buga Hausa da haruffanta. Yawancin masu wannan sana'a a garin nan da Faransanci suka koyi aiki, madannin kwamfutarsu ma na Faransanci ne, babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ, babu ƴ. Ka kai musu Hausa su cika maka ita da "tch" da "ou", har mai rubutun ya kasa gane abin da ya fito daga hannunsa. Shi ya saka haruffan nan a kwamfutarsa, yana bin ƙa'idar rubutun Hausa da aka tsayar a Nijar a 1999. Yaranmu kuwa da yawansu ba a koya musu rubuta harshensu a lakwal ba, a waya suka koya, kowa da irin tasa. Sai ya zaunar da ita a gefensa, tana karantawa yana bugawa, in sun zo inda ta haɗe kalmomi biyu ya nuna mata wurin rabawa. Ma'ana kam bai taɓa mata ko ɗaya ba. Akwai baitin da ta cusa kalmar Faransanci a tsakiya, ya ɗago kai ya ce, "Ɗiyata, a bar ta haka?" Ta ce a bari. Ya bari. Tunda a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ina ganin lokaci ya yi da sauran masu buga takardu za su yi koyi da shi.

Ta yarda in kawo baiti ɗaya daga cikin waƙoƙinta, ga shi yadda ya fito a takarda:

In ka wuce ƙofarmu kar ka tsaya,
Gaisuwarka ta iso, kunne ya jiya,
Ni karatu nake, ina kan hanya,
In da rabo, Allah shi zai shirya.

Da ya gama buga wannan, Malam bai yi murmushin nan na manya da ke sa yaro ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige ba. Ya ce mata amsa-amon ya zauna daidai, ya wuce baiti na gaba. Ni da nake zaune a bayansu na ga yadda kafaɗunta suka sauka.

Ba ita kaɗai ba ce ke zuwa. A zaman jiran da na yi na ga abubuwan da ban san yaran garin nan suna yi ba. Wata yarinya ta kawo kati da ta zana da bik ja da baƙi, ta kewaye shi da zanen lalle irin wanda ake yi wa amare a bayan hannu, ganye da furanni har gefe huɗu, a tsakiya ta rubuta waƙar da kowane layi ke farawa da harafi ɗaya na wani suna. Wani saurayi ɗan lise ya zo da hoton fuska da ya zana da fensir, ya ɓata lokaci a kan ɗaurin ɗankwalin fiye da fuskar kanta, yana so a rufe masa shi da roba kada ya goge. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani ɗan makarantar allo ne da ya iya zayyana, irin wadda ake yi wa allon sauka. Ya ƙawata takarda da ita, ja da kore da ruwan ɗorawa, ya rubuta baitocinsa da ajami a ciki. Sauran yaran da ke wurin suka taru a kansa suna tambaya ko zai yi musu irinta su biya shi.

Malam yana da hotunan furanni da zukata da aka sauko da su daga intanet, wanda ya nace sai su yana sa masa. Amma kullum sai ya fara tambaya, "Ba ka da abin da ka zana da hannunka?" Haka ya yi wa ɗiyata a kan bangon littafinta. Ta koma gida ta zana bishiyar dogon yaro da tabarma a ƙarƙashinta, da takalma ƙafa biyu, nata da na wani, an ajiye su nesa da juna. Shi aka ɗauka da na'ura aka sa a bango. Ya fi duk wani jan fure na Turawa kyau a idona, don na san wace bishiya ce, tana nan ƙofar gidanmu.

Yana da dokoki biyu da ba ya sassautawa, kuma saboda su ne na zauna na rubuta wannan. Ta farko, ba ya buga batsa, komai kuɗin da za a ba shi. Ta biyu, ba ya buga hoton yarinya sai in ita da kanta tana tsaye a wurin. A gabana wani yaro ya miƙa masa waya da hoton wata da ya ɗauko daga WhatsApp, yana so a haɗa da nasa a kati ɗaya. Malam ya mayar masa da wayar, ya ce, "Ɗana, ka kawo waƙar in buga maka, hoton kuwa na mai shi ne." Bai ɗaga murya ba, bai kunyata shi a gaban abokansa ba. Duk wanda ya san yadda hoto ɗaya ke zagaya unguwa ya ɓata sunan ɗiyar mutane, har a cire ta daga makaranta, ya san nauyin wannan doka. Bayan haka, in an gama aiki yana goge rubutun daga kwamfutarsa a gaban mai shi, sai in yaron ne ya roƙi a ajiye. Yadda tela ba ya faɗin awon jikin wadda ya ɗinka wa, haka shi ma ba ya faɗin wa ya rubuta wa wa. Wata uwa ta taɓa zuwa tana son ya gaya mata abin da ɗanta ya kawo, ya ba ta haƙuri ya ce ta tambayi ɗan da kanta cikin lalama.

Na san akwai iyayen da za su ce ina ruwan yarinya ƴar 16 da waƙar soyayya, ta kama karatunta. Ina girmama tsoronsu, ni ma ina da irinsa. Sai dai mu duba inda muke zaune. A Nijar, bisa ƙididdigar 2012, kashi 76 cikin 100 na mata ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, a jihar Maradi kuwa adadin ya kai kashi 89. Wato muna ganin yarinya ta isa a ɗaura mata aure, ta riƙe miji da dangin miji, amma ba mu ganin ta isa ta rubuta layi huɗu a kan wanda zuciyarta ta kwanta da shi. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 don kare karatun ƴan mata har su kai shekara 16 ta taimaka, amma doka ba ta shiga ɗaki ta ji abin da yarinya ke saƙawa da dare. Kayen nan ne ya shigar da ni. Da na karanta labarinta na ga jarumar tana faɗa wa saurayin ya jira ta gama bak, wato jarrabawar ƙarshen lise, sai na san inda hankalin ɗiyata yake fiye da duk tambayoyin da zan iya jera mata a bakin murhu.

Kuma ba yau aka fara ba. Iyayenmu a dandali suka rera nasu, da waƙoƙin gaɗa da tafi, budurwa ta sako zancen wanda take so a cikin waƙa kowa ya gane ba tare da an kama suna ba. Mu a zamaninmu littattafan soyayya na Kano muka taso da su, waɗanda suka fara yawaita a shekarun 1980, galibi mata ne marubutansu. Ta Katsina da Jibiya suke shigowa Maradi, mu yi haya mu ɓoye a ƙarƙashin katifa, mu kwafi kalaman ciki mu sa a wasiƙa. Yaran yanzu a waya suke karantawa, a Facebook da rukunonin WhatsApp, kuma ba su tsaya ga kwafa ba, nasu suke rubutawa. Abin da ke waya kuwa yau yana nan gobe wayar ta faɗa ruwa. Shi ya sa suke son takarda.

Batun kuɗi, ga yadda muka yi. Fotokopi dala biyar ne shafi, wato sefa 25, kamar ko'ina. Bugawa a kwamfuta yana karɓar dala hamsin a shafi, amma ƴan makaranta yana rage musu zuwa dala talatin. Rubutun ɗiyata ya tashi shafi 34. Bango mai launi dala ɗari, ɗinkewa da zobe da roba a gaba da baya ita ma dala ɗari. Da kwafi ukun da muka ƙara don ƙawayenta, abin ya haura jika goma. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai ɗinki irina, kuma yawancin yaran da ke zuwa shafi ɗaya ko biyu suke iya biya daga kuɗin karin kumallonsu. Wanda ya riga ya rubuta a wayarsa ya turo, kuɗin fitarwa kawai zai biya, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Wurin zama benci ɗaya ne, maza da mata a kai, ga ƙunci, ga zafi in an shiga watan Afrilu. Yarinya mai kunya ba za ta iya karanta waƙarta da ƙarfi ba alhali samari uku na zaune a bayanta. Ɗiyata sai da ta riƙa raɗa, Malam yana cewa ta maimaita. Labule ɗaya da kujera ɗaya a kusurwa za su magance wannan, na kuma faɗa masa, har na ce ni zan ɗinka labulen kyauta. Injin launin ma ya tsufa, koren bishiyar ya fito da duhu fiye da yadda ta zana, zanen fensir kuwa yana fitowa a dushe sai an ƙara masa baƙi. In wuta ta ɗauke aiki ya tsaya ke nan, don ɗan injin wutar da yake da shi kwamfuta kawai yake ɗauka, ba ya tayar da fotokopi. Yaron shagon kuma hannunsa bai kai na maigidansa ba a Hausa, shafukan da ya buga sai da aka sake bin su ana gyara ƙugiyoyin haruffa. In rubutun Hausa ne, a jira Malam da kansa.

Lokacin zuwa ma a lura da shi. Ƙarshen shekarar karatu ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna cika wurin da kundayen bincikensu, jajibirin ƙaramar Salla kuma masu katin barka da Salla ne ke yin layi har waje. Da hantsi a ranakun makaranta wurin ya fi sarari, amma yara suna aji a lokacin, don haka safiyar Asabar ta fi dacewa da su. Ranar Juma'a yana rufewa tun kafin azahar, sai bayan la'asar yake buɗewa. A je da rubutun a kaye mai tsabta, da lamba a kowane shafi, zanen kuma a yi shi a farar takarda marar layi, da bik ko da alƙalami mai kauri, don na'urar ta ɗauke shi sosai. Uwa ko gwaggo da za ta raka ɗiyarta, in an fara karantawa ta ɗan ja baya zuwa bakin ƙofa.