Hattara da mai tallar "riga-kafin haukan kare" da ke yawo a kasuwannin Sakkwato

Jama'ar Sakkwato da kewaye, musamman mafarauta, masu karnukan gadi, da iyayenmu mata da ke ajiye kyanwa saboda ɓera, ku saurara. Akwai wani mutum da ke yawo da wata farar mota mai lasifika a ka, yana tallar maganin gargajiya na karnuka da kyanwoyi. Ni a bakin kasuwar Kara na gamu da shi, abokina ya gan shi a Achida ranar kasuwa, kuma yana da yaran da ke watsa hotunan kayansa a WhatsApp da TikTok. Ba zan kama suna ba, don sunan da ya faɗa mini daban, wanda ya faɗa wa kawuna daban.

Kayansa iri uku ne. Akwai wani gari ruwan ƙasa a ƙullin leda da yake kira riga-kafin haukan kare. Akwai ruwa a gorar lemo, wai na kaska da ƙuma da ƙazuwa. Sai wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar kashin awaki, wai na tsutsar ciki da zawo. Kowanne an manna masa takarda mai hoton wani ƙaton karen Turawa da lambar NAFDAC. Sai bayan da ɓarna ta auku na samo su uku na jera na duba, ashe lamba ɗaya ce a kan dukkansu. Magani uku daban-daban, rajista ɗaya. Da na lura da wannan tun a kasuwa, da ban kai hannu aljihu ba.

Ruwan na saya, naira 2,500, saboda kyanwar Inna da ƙuma ta dama. Shekararta shida a gidanmu, ita ce ta raba ɗakin hatsi da ɓera. Na tambaye shi ko ana shafa wa kyanwa, ya ce ai ganye ne zalla, ko jariri aka shafa wa ba abin da zai same shi. Da na buɗe gorar a gida, ƙamshin kanumfari da tafarnuwa ne ya fara tasowa, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari mai hawa kai da duk wanda ya taɓa fesa fiya-fiya a ɗaki ya san shi. Na ji, na share. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Bayan la'asar ƙanwata ta shafa mata a wuya da gadon baya. Kyanwar ta koma gindin randa tana lasar jikinta kamar yadda ta saba. Kafin a kira magariba yawu na ta dalala daga bakinta, jikinta na ɓari, ƙwayar idonta ta tsuke kamar kan allura, ta tashi za ta yi tafiya ƙafafun baya suka ƙi. Na sa ta a kwali, na hau kabu-kabu zuwa wurin wani likitan dabbobi. Yana shinshina gorar ya ajiye ta nesa, ya ce waɗannan alamun gubar maganin ƙwari ne. Ya wanke ta da sabulu, ya yi mata allura, amma ba ta kai asuba ba. Inna ba ta ce mini uffan ba. Buhun da kyanwar ke kwanciya a kai kawai ta ninke ta tura ƙarƙashin gado, kuma wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A bakin likitan na ji abin da ya kamata in sani tun farko. Kyanwa ba ƙaramin kare ba ce. Duk abin da aka shafa mata sai ta lashe, ya koma cikinta, kuma hantarta ba ta iya narkar da abubuwa da yawa da jikin mutum ko na kare ke ɗauka. Maganin kaska na karnuka mai sinadarin permethrin yana kashe kyanwa. Farasitamol ƙwaya ɗaya tak na iya kashe ta. Hatta tafarnuwa da albasa, da mutumin ke alfahari da su a lasifika, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da na kyanwa. Na samo ɗaya daga baƙaƙen ƙwayoyin nan na fasa a gabansa, cikinta fari fat kamar alli, bayan ne kawai aka mulmule da baƙi.

Na kira lambar da ke kan takardar. Ya ce ajalinta ne ya zo, ko kuma mun ba ta nono bayan shafawa, ai akwai sharaɗi. Sharaɗin da bai faɗa ba lokacin karɓar kuɗi. Kira na biyu layin ya daina shiga. Kuɗin ma ba asusunsa na tura ba, wurin wani yaro mai POS ya nuna mini.

To amma ba don kyanwa kaɗai na zauna rubuta wannan ba. Garin maganin nan na ƙullin leda shi ne babbar musiba. Kawuna mafarauci ne a wajen Wamakko, karnukansa biyar, kuma ya sayi ƙulli biyar ya zuba musu a tuwo. Da na ce Kawu bana an yi musu allura kuwa, sai ya harare ni ya ce, "Kai yaro, mi kas sani ga sha'anin karnai? Wanga gari ya ishe su shekara ukku." Haka mutumin ya gaya masa. Ya kuma ƙara masa da cewa in kare ya ciji mutum, a kwaɓa garin a shafa a ciwon, a zuba saura a kunu, ba sai an je asibiti ba. Wannan maganar tana iya kai yaro kabari.

Ni ba na raina maganin gargajiya. Mun tashi mun ga makiyaya na jiƙa wa dabbobi ɓawon maɗaci, mun ga ana dafa ganyen dogonyaro, kuma tsofaffin mafarauta sun san itatuwan da ni ko sunansu ban iya ba. Amma babu saiwa, babu ganye, babu sassaƙe da ke hana haukan kare ko warkar da shi. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, ta shiga ta wurin cizo, ta bi jijiyoyi a hankali har ƙwaƙwalwa. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara firgita da ruwa, kusan ba wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 daga karnuka, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wato irin jikokin Kawu da ke wuni suna jan wutsiyar 'yan kwikwiyo.

Ku dubi inda wayon mutumin yake. Yawancin karnuka ba za su haukace a cikin shekara ba, ko an ba su gari ko ba a ba su ba, sai mai kare ya ce magani ya ci. Ba kuma kowane kare mai cizo ne mahaukaci ba, sai wanda aka shafa wa garin ya warke ya zama ɗan talla kyauta. Ranar da aka yi rashin sa'a kuwa, cutar takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta nuna kanta, wani lokaci har shekara. Kafin nan mai mota ya yi nisa, kuma ba wanda zai haɗa rasuwar da ƙullin leda. Sai a ce iska ce, ko sammu.

Riga-kafin gaskiya allura ce da ake yi wa kare ko kyanwa daga wata 3 da haihuwa, a riƙa maimaitawa duk shekara, a ba ka kati. A cikin sanyi ake ajiye ta. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin ta a ƙasar nan. Duk abin da ka ga an shanya a bayan mota cikin ranar Sakkwato, wadda a watan Afrilu ke haura digiri 40, ba riga-kafi ba ne ko da wane suna aka kira shi. Muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, muna da asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, kuma ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, a garuruwa da dama akan yi allurar kyauta.

In kuma cizo ya riga ya auku, ko yakushin kyanwar da ba a yarda da lafiyarta ba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 cur, a duba agogo. Kada a cusa gari, ko toka, ko ƙonannen gashin karen kamar yadda muka taso muna ji. A tafi asibiti a ranar a fara allura, a kuma cika ta. Karen a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, a sanar da likitan dabbobi, amma kada a tsaya jiran kwanakin kafin a kai wanda aka ciza.

Sai da na haɗa Kawu da Inna, yayarsa, kafin ya yarda. Ranar Asabar muka samu aka yi wa uku allura, biyu suka tsinke igiya suka shige gero, sai mako mai zuwa. Ragowar garin yana nan cikin gwangwanin madara a saman katangarsa, ya ce kuɗinsa ne ba ya zubarwa. Motar kuwa an ce mini an ga ta shekaranjiya a hanyar Bodinga. Gilashinta na baya a fashe yake, an liƙe da baƙar leda.