Sensei ko K: Wa Ya Fi Cancantar Tausayin Mai Karatu?

A littafin Kokoro na Natsume Soseki, wanda ya fito a Japan a 1914, abokai biyu ne, Sensei (ma'ana "malam") da K, suka kamu da son 'yar matar da suke haya a gidanta a Tokiyo, kuma masu karatu sukan rabu kan wanda ya fi ban tausayi a cikinsu.

Masu goyon bayan K suna duba tsantseninsa. Ɗan limamin addinin Buda ne da gidan wani likita ya ɗauka riƙo, amma ya ƙi karatun likitanci a ɓoye ya rungumi falsafa, har dangi suka juya masa baya. Da ya faɗa wa Sensei sirrin zuciyarsa, sai Sensei ya riga shi neman auren yarinyar wurin mahaifiyarta. K ya kashe kansa, ya bar wasiƙar da ko sunanta bai ambata ba, kuma bai ɗora wa abokinsa laifi ba.

Ni dai Sensei ya fi tsaya mini a rai, duk da cewa shi ne ya ci amana. Kawunsa ya cinye masa gado yana matashi, ya daina yarda da kowa, sai ga shi ya aikata irin abin da ya tsana. Kowane wata yana zuwa kabarin K a maƙabartar Zoshigaya da ke Tokiyo shi kaɗai, matarsa kuwa, wato yarinyar nan da ya aura, ba ta san dalilin shirunsa ba. Bayan rasuwar Sarki Meiji na Japan a 1912 da kisan kan da Janar Nogi, hafsan sojan Japan, ya yi don bin sarkin, Sensei ya rubuta wa wani ɗalibi da ya shaƙu da shi doguwar wasiƙa ya fayyace komai, tare da roƙon kada matarsa ta sani.