Kafin ka biya kuɗin shafin intanet: wane zaɓi ne makaho da kurma za su iya aiki da shi?

Mai makarantar kuɗi a unguwar Zariya, ko ƙungiyar manoma daga Madarunfa, ko ɗan kasuwa mai kanti a bakin babbar kasuwar Maradi, duk wanda ya tashi neman shafin intanet tambaya biyu yake fara yi: nawa ne, yaushe za a gama. Akwai ta uku da ya kamata ta shiga cinikin tun kafin a ba da kafin alƙalami. Makaho zai iya cika takardar rajistar da ke shafin shi kaɗai? Kurma zai gane abin da ake faɗa a bidiyon? Dattijon da idonsa ya yi rauni, ko yaron da yake zabiya, zai iya karanta farashin da tsakar rana a allon ƙaramar Itel? In ba a yi wannan magana da wuri ba, gyaran daga baya kan zama rushe gini a sake tubali.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma sashe na 9 nata ya ambaci intanet da sunanta cikin abubuwan da ya wajaba su samu damar shiga. Saboda haka wannan haƙƙi ne, kuma akwai ma'aunin da ake auna shi da shi.

Sunan ma'aunin da za ka rubuta a takarda

Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ita ce ta fitar da ma'aunin da ake kira WCAG. Na 2.0 ya fito a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 kuma a watan Oktoba na 2023. Kowanne yana da hawa uku: A, AA da AAA. Hawan A shi ne mafi ƙaranci, shafi na iya cika shi amma rubutun ya kasance dishi-dishi. Hawan AAA kuwa su kansu masu ma'aunin sun ce ba a tilasta shi a kan shafi gaba ɗaya, don akwai abubuwan da ba za su taɓa cika shi ba. Wanda za ka nema shi ne AA, kuma a 2.2 sharuɗɗa 55 ke nan in an haɗa na A da na AA.

Kada ka yarda a tsaya a 2.0. An rubuta shi ne tun waya mai allon shafawa ba ta yaɗu ba, alhali kusan duk masu buɗe shafinka a Maradi da waya za su buɗe. Sharuɗɗan da suka shafi ƙaramin allo a 2.1 suka shigo.

Yawancin matasanmu masu gina shafi da Faransanci suka yi karatu, ko a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ko a Yamai. In mai aikinka ya kawo maka sunan RGAA, bai kauce hanya ba. Wannan shi ne ma'aunin gwamnatin Faransa, an ɗora shi a kan WCAG 2.1 hawan AA, yana da sharuɗɗa 106, kuma amfaninsa shi ne kowane sharaɗi ya zo da yadda ake gwada shi dalla-dalla. Karɓe shi, sai ka ƙara masa abu biyu daga 2.2 da za mu zo kansu a ƙasa. Na Turai, EN 301 549, ba ka buƙatarsa sai in kuɗin aikin daga can ya fito kuma sun gindaya shi.

Tsayawa a Facebook da WhatsApp

Wannan ne na farko cikin zaɓi huɗu da ke gabanka. Ga ƙaramin kanti ko tela ya wadatar, kuma manhajojin biyu suna tafiya da TalkBack, wato muryar da ke karanta wa makaho abin da ke allon wayar Android. Matsalar daga abin da muke sakawa take tasowa. An saba a zana sanarwa a hoto guda, farashi da lambar waya da ranar buɗewa duk a ciki, a tura. A wurin makaho wannan hoton kamar bango ne. Maganin ba ya cin ko dala: duk abin da ke cikin hoton a sake rubuta shi a ƙasa da haruffa. Saƙon murya kuma, wanda ya fi komai sauƙi ga makaho da wanda bai yi boko ba, kurma bai san me aka ce ba. A bi shi da layi biyu na rubutu. Iyakar wannan zaɓi ita ce ba ka da iko da tsarin manhajar, kuma rajistar ɗalibai ko karɓar takardun neman aiki ba sa tafiya da kyau a nan.

Shiryayyen zane na WordPress

WordPress manhaja ce ta gina shafi mai shiryayyun zane-zane, masu gina shafi da yawa ke amfani da ita ko ba su faɗa maka ba, kuma ba laifi ba ne. Abin tambaya shi ne wane zane aka ɗauko. A rumbun WordPress akwai zane-zanen da ke ɗauke da alamar accessibility-ready, waɗanda aka duba cewa ana iya bin su da madannai ba tare da linzamin kwamfuta ba, kuma launukansu sun isa ma'auni. Ka ce daga cikinsu kake so. Sai dai alamar zanen kawai ta shafa. Da zarar an cusa hotuna masu gudu da kansu a saman shafi, da fom daga wata ƙaramar manhaja, da akwatin talla mai faɗowa a fuska, an iya ɓata abin da aka samu. Ga makaranta, ƙaramin asibiti ko ƙungiya, wannan ne zaɓin da ya fi dacewa da aljihu, muddin za a yi gwajin da ke ƙasa.

Ɗan maɓallin da ake liƙawa a gefen shafi

Za a iya kawo maka tayin wani ɗan da'ira mai hoton mutum da ke zama a kusurwar shafi, a ce layi ɗaya ne za a saka, a riƙa biya duk wata ko duk shekara, shafin ya cika ma'auni. Kada ka saya. Makaho ya riga yana da TalkBack, ko VoiceOver in iPhone ce, a wayarsa, mai raunin gani ya riga ya ƙara girman rubutu a saitinsa. Abin da suke nema shi ne shafin ya ginu daidai daga tushe, maɓallin kuma ba ya gyara fom ɗin da akwatunansa ba su da suna, wani lokaci ma karo yake yi da muryar da ke karatu. A 2025 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin accessiBe biyan dalar Amurka miliyan 1 saboda iƙirarin cewa manhajarsa na sa kowane shafi ya cika WCAG. Ga kuma ƙarin nauyi da yake ɗora wa shafi a wurin da rezo ke rawa kuma mega ke da tsada.

Gina shafi daga tushe

Wannan ya fi tsada, kuma shi ya dace in akwai biyan kuɗi, ko shiga da lambar sirri, ko rajistar mutane da yawa. Tsadar kaɗai ba ta tabbatar da komai. Ƙungiyar WebAIM takan auna shafukan farko na gidajen yanar gizo miliyan 1 mafiya shahara duk shekara, kuma wajen 95 cikin 100 ana samun kuskure a cikinsu, har da na manyan kamfanoni. Abin da zai tsare ka shi ne takardar yarjejeniya. A rubuta "WCAG 2.2, hawan AA" ƙarara, a rubuta shafukan da za a gwada, a kuma rubuta cewa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sai bayan gwaji.

Gwajin da za ka yi kafin ka ba da ciko

Fara da launi, don shi ne kuskuren da aka fi samu. Ma'aunin ya ce bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 bisa 1, manyan haruffa kuma, masu girman fiksel (ɗigon da ake auna girma da shi a allo) 24 zuwa sama, 3 bisa 1 ya isa. Muna son launukan tutarmu, amma ruwan goro mai haske a kan fari yakan tsaya ne wajen 2.5, rawaya a kan fari kuwa kusan ba a ganinta. A bar ruwan goron ga ado, rubutu ya zama baƙi ko kore mai duhu. Toka-toka mafi haske da ke tsallake ma'auni a kan fari ita ce mai lamba #767676, duk wadda ta fi ta haske ta faɗi. Ka fita da wayar tsakar gida da azahar ka duba da idonka.

Daga nan a kwamfuta ka ture linzamin gefe, ka riƙa danna madannin Tab. Kowane danni ya nuna maka inda kake da zobe ko layi bayyananne, ya bi shafin daga sama zuwa ƙasa, ya shiga jerin zaɓuɓɓuka ya fita. In ka shiga wani akwati ka kasa fita, to wanda shan inna ko kuturta ta taɓa hannunsa nan zai maƙale. Sannan ka danna Ctrl da alamar tarawa har girman ya kai 400 cikin 100. Rubutun ya tattaru ya sauko layi-layi, kada sai an ja shi hagu da dama.

Gwajin murya shi ya fi nuna gaskiyar aiki. A waya ka shiga Paramètres, ka nemi Accessibilité, ka kunna TalkBack. Shafa dama na kai ka abu na gaba, bugu biyu na buɗe shi. Rufe idonka ka yi ƙoƙarin cika rajista. In ka ji muryar na cewa "bouton, bouton, bouton" babu suna, ko tana karanto sunan hoto kamar IMG da jerin lambobi, aikin bai kammala ba. Kowane hoto mai ɗauke da ma'ana yana buƙatar gajeren bayani a bayansa, kowane akwatin fom yana buƙatar suna da ke manne da shi, kuma in an yi kuskure a faɗa da kalmomi, "lambar waya ba ta cika takwas ba", kada a tsaya a jan launi kawai. A kwamfuta manhajar NVDA ke wannan aikin karanta allo, kyauta ce.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Shafinmu yakan haɗa Hausa da Faransanci, kuma muryar na bin alamar harshen da aka saka a cikin ginin shafin: ha ga Hausa, fr ga Faransanci. In an bar alamar Ingilishi da zanen ya zo da ita, za a karanta Faransancin da lafazin Ingilishi, ya fito ba kai ba gindi. Ka sa mai aikin ya nuna maka alamar a kowane sashe. Ka kuma rubuta "ƙaiƙayi, ɗanɗano, ɓarawo, ƴaƴa" a shafin gwaji. In haruffa masu lanƙwasa sun fito da wani fasali dabam ko sun koma akwatuna, a canza zubin rubutun. Noto Sans da Andika duk suna da su.

Abubuwa biyun 2.2 da aka ambata su ne waɗannan. Duk wurin dannawa ya kai aƙalla fiksel 24 tsawo da faɗi, ko a ba shi tazara, kuma in mai aikin ya kai shi 44 ya kyauta wa masu rawar hannu. Na biyu, shiga da lambar sirri kada ya dogara da hadda ko warware karkatattun haruffa: a bar mutum ya manna lambar da aka turo masa. In kuma akwai ƙayyadadden lokaci, tun tsohon ma'auni an ce a yi gargaɗi a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari.

Bidiyo na buƙatar rubutun abin da ake faɗa a ƙasansa. Na Hausa a zauna a rubuta shi da hannu a fayil ɗin SRT, wato fayil ɗin rubutun ƙasan bidiyo, YouTube da Facebook duk suna karɓa. Ga sanarwa mai muhimmanci, kamar ta rigakafi ko ta jarrabawa, a sa mai maganar hannu a gefen hoton, don ba kowane kurma ne karatu ya zauna masa ba. Sauti kada ya tashi da kansa ya wuce daƙiƙa 3 babu wurin kashewa, don yana danne muryar da makaho ke saurare.

Ofisoshi da makarantu kuma suna da wata al'ada: a buga sanarwa, a sa hannu da hatimi, a ɗauki hotonta a mayar PDF a ɗora. Wannan hoto ne, ko kalma ɗaya murya ba za ta ciro ba. A ɗora mai hatimin don shaida, a rubuta abin da ke ciki a shafin kansa.

Mai aikin zai iya nuna maka maki 100 daga Lighthouse, ko allon WAVE babu jar alamar kuskure, wato manhajojin da ke auna shafi da kansu. Da kyau, amma na'ura wani ɓangare kawai take kamawa. Tana ganin hoto yana da bayani, ba ta san ko bayanin ya dace ba. Saboda haka a ware kuɗi a cikin takardar farashi don masu gwaji na gaske: makaho mai amfani da TalkBack kullum, kurma guda, da mai raunin gani. Ana samun su ta Tarayyar Naƙasassu ta Nijar, FNPH, ko ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN. A biya su ladan aikinsu kamar kowane ma'aikaci. A ba kowannensu aiki uku a wayarsa ta kansa, misali ya nemo kuɗin makaranta, ya cika rajista, ya samo lambar kira, kai da mai ginin kuna zaune kuna kallo ba ku sa baki. Duk inda ya tsaya a rubuta, a gyara, ya sake gwadawa.

Sharaɗi na ƙarshe da za a saka a takardar shi ne horo. Shafin da aka miƙa lafiya yakan lalace cikin ƴan watanni a hannun sakataren da ke ɗora labarai, don ba a nuna masa inda ake rubuta bayanin hoto ba, ko yadda ake saka kanun rubutu na ainihi maimakon kaurara haruffa. Yini ɗaya na koyarwa ya isa, tare da takarda mai shafi guda da za a liƙa kusa da kwamfutarsa, sannan mai ginin ya dawo bayan wata shida a sake gwajin Tab da na TalkBack a kan sabbin abubuwan da aka ɗora.